An ce in rubuta wa ɗalibai amsa a allo, na ƙi: ina neman shawara

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun jiya nake rubutawa ina gogewa, yau dai na ce bari in amayar da abin da ke cina. Shekarata tara ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. Ba zan faɗi sunanta ba, don Allah kada kowa ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya.

Ranar Talata 'yan ajin ƙarshe suka zauna takardar lissafi ta jarrabawar fita. Ana saura rabin awa a fara, mai makaranta ya kira ni ofis ya ce an riga an gama magana da masu sa ido. Da zarar an buɗe takarda za a ɗauko mini hotonta a waya, in warware, in hau allo in rubuta. Ya ce kowane yaro ya biya dubu goma sha biyar a kan kuɗin rajista, kuma akwai kasona. Na ce ya yi haƙuri, ba zan iya ba. Ya kalle ni kamar na zagi mahaifinsa.

Kada ku ɗauke ni waliyyi. Na san ana yi tun shekarar da na zo. Akwai wani abokin aikina da ke wannan hidimar, ni kuma ranar sai in fake da ciwon kai in tafi gida. Bana ya samu wani aiki ya bar mu, shi ya sa abin ya faɗo kaina. A ƙarshe wani ɗan bautar ƙasa suka samo ya yi musu, ya kuma kuskure tambaya biyu. Yanzu iyaye uku sun kira ni, ɗaya har tana kuka, wai na kashe rayuwar 'yarta. An ce in zo ofis ranar Litinin. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Me zan je in ce?

Abu Maryam:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, Allah ya ƙara maka tsayuwa. Babu wata shawara a nan, hadisi ne ingantacce cewa wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu. Arziki na Allah ne, ba na mai makaranta ba.

Maman Walid:
Ni bari in faɗi abin da wasu ke ɓoyewa a cikin zauren nan. Na taɓa biyan irin wannan kuɗi. Ban ji daɗi ba, har yau ina istigfari, amma na biya. 'Yata ta zauna da guminta ta samu kiredit bakwai, lissafi ya kayar da ita. Kowa ya sani a lokacin in babu kiredit a lissafi da Turanci, babu jami'a, babu makarantar jinya, ko nawa ka ci a JAMB. Shekara guda tana zaune a gida tana wanke-wanke, ƙawayenta da take koya wa karatu a aji duk sun wuce, saboda iyayensu sun kai su rajista wata makarantar ƙauye inda ake "taimako". Dangin babanta suka fara maganar aure. Shekarar da ta biyo na rufe ido na kai ta inda ake kai wa.

Ba cewa nake Malam Habu ya yi laifi ba. Cewa nake matar da ta kira shi tana kuka, ni na san kukan.

Abu Maryam:
Hajiya, da girmamawa, yawan masu yin abu ba ya halatta shi. Gobe in 'yarki ta zama malamar jinya da takardar da ba tata ba, allurar da za ta yi wa ɗan wani fa?

Maman Walid:
Malam, tana shekarar ƙarshe yanzu, kuma ba ta taɓa maimaita darasi ko ɗaya ba. Can babu mai rubuta mata a allo. Abin da ban gane ba shi ne yadda yarinya za ta yi shekara uku a babbar sakandare malamin lissafi sau ɗaya a mako yake shiga, wani zangon ma babu shi, sannan a ce ita ce ɓarauniya.

Dakta Sadiya:
Maman Walid, 'yarki na cikin waɗanda Allah ya rufa wa asiri, domin tana da tushe. Mu da muke karɓar su a jami'a mun san sauran. Ɗalibi zai zo maka da A1 a Turanci, ka ce ya rubuta takardar neman uzuri ta layi huɗu, ya tsaya yana kallon silin. Mun kai matsayin da in na ga sakamako ya cika kyau sai gabana ya faɗi.

Ku duba JAMB ta 2025. Cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Domin adalci, ita ma hukumar ta tafka nata kuskuren, har shugabanta na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, aka sake wa ɗalibai 379,997 jarrabawa a Legas da jihohin kudu maso gabas. Amma cire waɗannan gefe, sauran fa? Da yawansu suna riƙe da kiredit tara-tara daga sakandare. Ɗaya daga cikin takardun biyu ƙarya take yi, kuma duk mun san wacce.

Barista Kabiru:
Malam Habu, ta fuskar doka kai ne a kan gaskiya, kuma ka riƙe wannan ranar Litinin. Akwai dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999, ta tanadi ɗauri ga malami, shugaban makaranta ko mai sa ido da aka kama da hannu a ciki. Kafin ita ma, a 1984 gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta kafa doka mai ɗaurin shekara 21. Ka ga ba ƙarancin doka ke damunmu ba. Ku faɗa mini mai makaranta nawa kuka taɓa ji yana gidan yari kan wannan? Abin da aka fi yi shi ne a riƙe sakamakon yara, ko a soke wa makaranta cibiya na ɗan lokaci, ta canza suna ta dawo.

Shawarata: kada ka yi barazanar kai ƙara in ba ka shirya ba, kuma kada ka sa hannu a kowace takarda da za su ba ka ranar. Ka ce za ka tafi da ita gida ka karanta.

Baba Ɗanjuma (tsohon hedimasta):
'Ya'yana, ku yi haƙuri da tsawon rubutu, jikata ce ke danna mini.

Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Yaron da ke jiran amsa a allo yana shekara sha bakwai, tun yana shekara bakwai aka yi asararsa. Ranar da ya bar aji uku na firamare bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ranar aka rubuta cewa zai saci amsa. Sauran shekarun duk rakiya ce: daga wannan aji a tura shi wancan, babu mai maimaitawa, domin in ya maimaita ina za a zaunar da na bayansa?

Na fara koyarwa kafin UPE, shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Da Obasanjo ya buɗe ƙofar ilimi kyauta, yara suka kwararo fiye da lissafin da aka yi, aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa a zuba su a aji. Niyya mai kyau ce, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara ɗaya bayan nan aka yi abin da mutanen lokacinmu ke kira Expo 77, takardun WAEC suka fita kasuwa, har aka kafa kwamitin bincike. To kun ga satar ba ta yau ba ce. Bambancin, a da ɓarawon yana ɓuya ne, yanzu shi ke da ofis da kujera mai juyawa.

Babban abin da ya karya mu shi ne rufe kwalejojin horon malamai masu ba da Gired Tu. Yaro ya shiga daga firamare ya yi shekara biyar ana koya masa yadda ake riƙe alli, yadda ake tsayuwa a gaban aji, yadda ake koya wa ɗan shekara shida harafi. Wudil, Katsina, WTC ta mata a Kano, duk malamai suke fitarwa. Aka ce NCE, takardar kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. A takarda ci gaba ne. Amma wa ke zuwa NCE yau? A 2025 makin shiga jami'a mafi ƙanƙanta 150 aka sa, na kwalejin ilimi 100. Wato da hannunmu mun rubuta cewa wanda ya rasa ko'ina shi zai koyar da jikokinmu.

Ɗan Kawo:
Baba ya gama magana. Shi ya sa har gobe nake cewa abin da El-Rufai ya yi a Kaduna a 2017 shi ne daidai. Malaman firamare kimanin 33,000 aka ba jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin kashi 75. 'Yan aji huɗu fa! Mun ga takardun a Facebook, wasu ko sunan jiharsu ba su iya rubutawa ba. Ya sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki, aka yi ta tsine masa. Wane gwamna ne kuma ya yi wannan ƙarfin halin?

Malama Ladi:
Ɗan Kawo, ni malamar firamare ce, shekara sha shida, ba a Kaduna ba. Ba zan kare malamin da bai iya rubuta sunansa ba, abin kunya ne gare mu duka. Amma tambaya ɗaya: wa ya ɗauke su aikin? Da kansu suka shiga aji? Kansila ya kawo ɗan yayarsa, ciyaman ya ba 'yan jagaliyarsa, wani ya sayi ofa da kuɗin gonar ubansa. An kori wanda aka ɗauka, wanda ya ɗauka kuma yana nan ya ƙara girma. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma a Kadunan ai an sake jarrabawa an sake korar sama da dubu biyu a 2022, har da wasu cikin sababbin. Wannan bai nuna maka cewa ramin da ke zubar da ruwan ba a toshe shi ba?

Zo ajina ka gani. Yara 126 a rajista, aji biyu na firamare. Benci bakwai. Na gaba suna zaune har ƙarƙashin allo, in zan rubutu sai na tsallake ƙafafu. Alli da kuɗina nake saya. In na ce zan duba littafin kowane yaro minti ɗaya, awa biyu ta tafi. Ko farfesa ka kawo ba zai koya wa waɗannan karatu ba, iyakarsa ya hana su faɗa.

A 2020 Shugaba Buhari ya yi mana alƙawarin tsarin albashi na musamman a ranar malamai ta duniya. Abin da ya tabbata shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65. Wato an ce mu ƙara shekara biyar a cikin wahalar. A Abuja ma, ƙarƙashin hancin gwamnatin tarayya, malaman firamare sun fi wata uku suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na dubu saba'in.

Ɗan Kawo:
Malama, na karɓi maganar masu ɗaukar aikin. Amma ba za a bar yara hannun jahili ba don kawai wanda ya ɗauke shi bai shiga hannu ba.

Malama Ladi:
Ban ce a bar su ba. Na ce in za a yi shara a fara daga zaure.

Barista Kabiru:
Maganar benci bakwai ta tuna mini. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko. Sharaɗin kawai jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta. Shekara da shekaru UBEC, hukumar da ke riƙe da kuɗin, na kukan cewa biliyoyi na kwance jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Ba kuɗin ne babu ba. Gina aji ba ya fitowa a talabijin kamar gadar sama.

Dakta Sadiya:
Tunda Baba ya kai mu aji uku na firamare, bari in sako abin da ya fi ƙona mini rai. A Nuwamban 2022 minista Adamu Adamu ya sanar da cewa za a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci tun daga ajin rainon yara, wai yankunan da suka rungumi harshen gida su ne suka fi faɗuwa jarrabawa. Shekara uku cif tsakanin kafawa da rushewa. Yaron da ya shiga aji ɗaya lokacin bai ma kai ga zana wata jarrabawar ƙasa ba, to da wane ma'auni aka auna?

Ɗan Kawo:
A nan kam ina tare da minista. WAEC da Turanci, JAMB da Turanci, neman aiki da Turanci. Masu cewa a koyar da Hausa 'ya'yansu na makarantun da ake cin tarar yaro in ya yi Hausa. Ɗan talaka ake so a bari a baya.

Malama Ladi:
Ni dariya ma abin ya ba ni. Da aka kafa dokar ba a kawo mini littafin lissafi ko na kimiyya da Hausa ko guda ba, ba a kira ni bita ba. Da aka soke ta ma a rediyo na ji. Abin da nake yi jiya shi nake yi yau: in rubuta da Turanci a allo, in yi bayani da Hausa, yara su maimaita da ƙarfi kamar aku. Sun iya rera "A for apple" har da kaɗa kai, amma nuna musu harafin shi kaɗai ka ce mene ne wannan. Yawancinsu ba su taɓa riƙe tuffa a hannu ba.

Baba Ɗanjuma:
Ɗana na Kawo, mu da Hausa muka fara, a aji ɗaya da biyu muna karanta labari da kanmu, sannan aka ɗora mana Turanci. Ka ji Turancin Tafawa Ɓalewa ai, shi ma ta nan ya bi. Yaron da ya gane cewa harafi sauti ne a harshen da yake mafarki da shi, ɗaukar wani harshen ba ya ba shi wuya. An gwada wannan a Ile-Ife tun 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, aka koyar da wasu yara da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma darasi ne da ƙwararren malami. Ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Amma ka lura da sharaɗin: littattafai da ƙwararren malami. Mu kuwa muna son sakamakon ba tare da sharaɗin ba, ko da wane harshe ne.

Isufu (Maraɗi):
Sallama daga Nijar. Ina bin muhawarar tun safe. Mu nan a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mun yi murna ƙwarai, amma ɗana har yanzu da Faransanci zai zauna jarrabawarsa, kuma ƙaninsa a runfar zana yake karatu, damina na sauka makaranta ta tashi. Abin da Malama Ladi ta faɗa kamar a garinmu take. Su manya suna canza takarda, malami da allonsa suna nan yadda suke.

Sani Mai Waya:
Duk wannan dogon Turanci ne. Laifin jam'iyyar da kuka zaɓa ne, ku sake zaɓarsu ku gani.

Shugaban Zaure:
Sani, an sha gaya maka ba a siyasar jam'iyya a nan. Na goge sauran saƙonninka biyu. Jama'a, bawan Allah ya tambayi abin da zai faɗa ranar Litinin, mun kai shi har Ile-Ife da Maraɗi.

Dakta Sadiya:
Gaskiyarka shugaba. Malam Habu, ga tawa. Kada ka je da wa'azi, mai makarantar ya san haramun ne, kasuwarsa yake karewa: in sakamakonsa ya faɗi, iyaye su kwashe yara su kai makwabcinsa. Ka je masa da abin da zai saya. Ka ce ya ba ka 'yan ajin da ke tafe tun yanzu, darasin yamma da na Asabar, ka gwada su ka ware masu rauni. Ka nuna masa kuma cewa wannan hanyar tasa ba mai ɗorewa ba ce. Ya tuna daren da aka rubuta Turancin WAEC a Mayun 2025, yara da fitilar waya da kyandir saboda takarda ta fita an tsaya canzawa. Tun daga nan ake ta matsa maganar mayar da jarrabawar kan kwamfuta. Ranar da tambayar kowane yaro ta bambanta da ta na kusa da shi, me za a rubuta a allo?

Maman Walid:
Ku dai bari a ga kwamfutar tukuna. Ƙauyen da babu wuta ne za a kai ta? Amma Malam, in ka buɗe darasin Asabar ɗin ka sanar da ni, ƙaramin nawa yana aji biyu na babbar sakandare, kuma ba na son in sake bin waccan hanyar.

Abu Maryam:
Allah ya karɓi tubanmu baki ɗaya, Hajiya. Ki yafe ni in maganata ta ɗazu ta yi kaifi.

Malam Habu:
Jama'a na gode, na karanta duka har sau biyu. Ga yadda aka yi yau. Bai kore ni ba, ina jin don samun malamin lissafi a kan albashin da yake biya ba abu ne mai sauƙi ba. Amma ya cire ni daga manyan azuzuwa, ya mayar da ni ajin farko na ƙaramar sakandare, ya kuma yanke alawus ɗin dubu takwas da nake samu. Maganar darasin Asabar ya ce zai yi tunani, da irin muryar da kuka sani. Barista, an miƙo takarda kamar yadda ka ce, na ce zan karanta a gida. Zan turo maka hotonta.

Bayan tashi daga ofis na shiga sabon ajin nawa. Maganar Baba na raina, sai na ajiye lissafin na rubuta jimla biyu a allo, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, na riƙa kiransu ɗai-ɗai. Su 41 ne. Goma sha bakwai ba su iya karanta ko ɗaya ba. Akwai wata yarinya da ta haddace abin da na gabanta ya faɗa ta maimaita tsaf, sai da na canza jimlar na gane. Iyayen yaran nan kuɗi suke biya duk zango.

Malama Ladi, ni ban taɓa koyar da baƙi da wasali ba, lissafi na karanta. Da me ake farawa da yaro ɗan shekara sha biyu ba tare da ya ji kunya a gaban 'yan uwansa ba?

Malama Ladi:
Kada ka yi a gaban aji. Ware su minti ashirin kafin taron safe, ka ce musu ƙungiyar karatu ce. Fara da Hausa: ba, bi, bu, sannan sunayensu da na iyayensu, suna son ganin sunansu a rubuce. Nemi kwalin indomi ka yanka ƙanana ka rubuta gaɓoɓin da maka. Ina da saiti biyu, in kana kusa da tasha gobe zan ba direba ya kawo maka ɗaya.